Kunyar 'Yar Fari a Uwani

Tun da aka ce Hajiya Kubura ta taso daga Zariya, abinci bai ƙara yi wa Haulatu daɗi ba. Surukar tata ta riga ta faɗa wa ɗanta Lawal a waya: in ta zo unguwar Uwani a Enugu ta tarar jikarta Yasmin ba ta jin Hausa, to da ita za ta koma. Ita kuwa Yasmin, kayya, Hausarta ko gishiri ba za ta sayo ba. Ibo dai kamar ruwa, Turancin buroka kuwa har cikin barci.

Haulatu ta ɗora wa kanta laifin duka. Wace irin uwa ce 'yarta ko gaisuwa ba ta iya ba? Abin da ya fi ci mata rai, ba ta da bakin hanawa. Yasmin 'yar fari ce, kuma a tarbiyyar da aka yi wa Haulatu, uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta zaman hira da ita, balle ta nuna tana so a gaban suruka. "Ke" take ce mata, ko "yarinyar nan". In aka ce za a tafi da ita, sai dai ta haɗa mata kaya, ta shiga ɗaki ta sha kukanta.

Ranar da Hajiya ta iso, Yasmin ta durƙusa ta yi sannu da zuwa kamar yadda aka haddace mata. Tsohuwa ta ce, "Ya makaranta?"

"Fine, ma."

Haulatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Hajiya ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, kullum tana jan carbi tana kallon yaran gidan hayar: 'ya'yan mahautan kasuwar Kenyatta, 'ya'yan masu albasa, har da na liman. Duk bakinsu ɗaya da Yasmin, in sun yi faɗa ma da Ibo suke zagi.

Wata la'asar Haulatu na tsinke zogale, tsohuwar ta kira ta. Ta zo ta durƙusa.

"Ke wa ya koya miki Hausa?"

Haulatu ta ce, "Kakata ce, Hajiya. Da gwaggonnina."

"Uwarki fa?"

"Ni ce ta fari. Kunyata take ji."

"To kin gani. Can gida uwa ta yi kunyarta son ranta, ga kaka, ga gwaggo, ga dandali, yaro ba ya rasa mai yi masa magana. Nan fa? Makaranta Turanci, titi Ibo, uba na kasuwa tun asuba. Mutum ɗaya ta rage mata, ita kuma mun ɗaure mata baki. Na zo da faɗa cike da cikina, na rasa wa zan yi wa. Garin Enugu zan kama da faɗa?"

Haulatu ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, har hawaye suka zubo. Ashe ba lalacewarta ba ce. Amma sanyin bai daɗe ba tsoro ya dawo, don in gari ne ya yi, ai maganin sai a bar garin.

"Ke nan za ki tafi da ita, Hajiya?"

"Da wannan gwiwar zan bi yarinya? Garin dai ya fi ƙarfinki, amma bakinki naki ne. Kunyar nan mu muka ɗora miki, ni kuma na sauke. Kira ta."

Haulatu ta juya wajen yaran. "Ke!"

"A'a. Ba ta da suna?"

Haulatu ta sunkuyar da kai, ta goge hannu a zani. Sannan ta ce, "Yasmin."

Yarinyar ta tsaya cak da igiyar tsalle a hannu, tana waige-waige, tana neman mai wannan kira. Da ta ga bakin da ya fito, ta yar da igiyar ta sheƙo da gudu.

"Zo zauna," in ji Haulatu, tana matsa mata a tabarma. "Wannan sunansa zogale."