Baƙuwa a Kan Ɗorawa

A shekarun da Turawa suka matsa wa talakawa da noman gyaɗa, Nababa ya ajiye aikin lambu a gidan wani Bature a Kano, ya dawo ƙauyensu kusa da Minjibir. Cikin kayansa akwai wata shuka naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ganyenta masu kauri sun zagaye kamar ƙoƙo. Matar Baturen ce ta bar masa ita da za ta koma ƙasarsu.

Yayansa Badaru ya zuba ido ya ga inda za a haƙa mata rami. Ba a haƙa ba. Nababa ya hau ɗorawar da ke iyakar gonakinsu, wadda tun rasuwar mahaifinsu ba su daidaita kan mai ita ba, ya ɗaure shukar a gwafar reshe da igiyar rama. Kullum da hantsi sai ya hau da ruwan saman da ya tara a tulu, ya tsiyaya mata a tsakiyar ganye. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya karkata ta ya zubar, ya sake sabo saboda sauro.

Abin ya tsaya wa Badaru a rai. Ya san kauci, ya san yadda yake shanye bishiya, ya kuma san masu asiri ba sa rabuwa da shi. Shukar da ta ƙi ƙasa, me take ci? Kuma duk bishiyoyin garin, don me sai wannan?

Da kaka ta gabato, wani reshen ɗorawar ya bushe. Badaru ya tare ƙanensa a gindin ɗorawar.

"Faɗa mini gaskiya. Kashe ta kake so, ko alama ka kafa ta zama taka?"

"Haba, Yaya! Inuwa kawai take nema."

"To sauko da ita in gani."

Nababa ya kwance ta ya sauko. Saiwoyin 'yan ƙanana ne, busassu kamar zare. Badaru ya hau da kansa ya shafa wurin, ɓawon lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Bai gamsu ba, ya sa gatari ya sare busasshen reshen. Sai ga cikinsa duk ramuka, tsutsa ta cinye shi ya zama gari.

Ya daɗe yana juya guntun icen a hannu.

"Na gani," in ji shi. "Amma duk da haka ka kai ta gidanka."

Nababa ya mayar da ita kan ceɗiyar tsakar gidansa. Da damina ta zagayo ta fitar da fure ja wur, matan unguwa suka yi ta zuwa kallo, har da Hure matar Badaru. Shi kam bai shiga ba. Ta saman dangar kara ya leƙa sau ɗaya, ya ce wa Hure in ta dawo ta wanke hannunta kafin ta taɓa tukunya.