Hillar Laka

Ustaz Bilyamin bai taɓa karatun koyarwa ba, kuma ba ya ɓoye wa kowa. Shekara ashirin da shida ya yi yana buɗe ƙofofin tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonakin Jazira, yana auna ruwa da sanda mai zane. Da yaƙi ya iso, ofis ya watse, ruwa ya daina jin maganar kowa, shi kuma ya dawo gida ya zauna yana gyara wa matarsa Sabuwa yadda ake yanka albasa. A wata na biyu ta ji cewa Sit Ibtisam, malamar rawda, wato makarantar ƙananan yara, ta kwashe 'ya'yanta ta nufi Gadarif, ta bar yara ashirin da ɗaya suna gararamba cikin hilla, kamar yadda ake kiran ƙauye a nan. Sabuwa da ƙafarta ta je wurin dattawa ta ce ga mijinta nan, su ɗauka, ba sai sun dawo da shi da wuri ba.

Rawdar rumfar kara ce a bayan masallaci, da darni iya ƙugu. Babu alli, babu takarda. Abin da ke akwai shi ne laka, baƙar lakar nan mai danƙo da ke cire wa mutum takalmi da damina. Sai Ustaz ya share tsakar fili ya ce za su gina hillarsu tun daga masallaci har bakin tur'a, kowane yaro gidansu. Doka ɗaya ya kafa: abin da idonka ya gani, shi za ka gina.

A kan dokar nan bai san wasa ba. Ranar da Mujtaba, ɗan shekara biyar, ya ɗora wa gidansu bene, Ustaz ya tsaya a kansa hannu a baya.

"Gidanku bene ne?"

"Baba ya ce in an gama yaƙi..."

"In an gama yaƙi Baba ya zo ya gina da kansa. Sauke."

Mako uku suka yi. Aka yi lunguna, aka yi hasumiya da karan dawa aka shafe ta da laka, aka haƙa tur'a da cokali, da ƙananan magudanai masu ƙofofin sakaina. Yara suka koyi ƙidaya da gidaje, suka koyi gabas da inda inuwar hasumiya ke gudu da yamma. Ranar Alhamis aka sa za a saki ruwa, kowa ya buɗe ƙofarsa in layinsa ya zo. Ustaz kan zagaya aikin yana gyaran murya. A ransa yana ganin duk Jazira babu malamin rawda irinsa, abin da mai yiwuwa gaskiya ne, tunda sauran sun gudu.

A waɗannan makonnin ne masu bindiga suka fara bin ƙauyukan hanyar Kamlin suna karɓar motoci. Mota ɗaya ce a hillar, tsohuwar boksi ta Mato, mai buɗaɗɗen baya. Matarsa Hanaa da tiyata ta haifi 'yarsu Rayan, kuma likita ya ce na gaba ma sai a asibitin Kamlin, kada a gwada gida. Yanzu cikinta wata takwas. Don haka maza suka haƙa rami a bayan gidan Mato irin wanda ake binne dawa, suka gangara da motar ciki da rabin tankin mai, suka jera itace da kwano, suka mayar da ƙasa, suka tara karan dabbobi a kai. Duk wanda ya tambaya, an sayar da ita tun bara. An kora yara gidan kakanni a kwanakin haƙan. Babu wanda ya tuna cewa dangar kakar Rayan, wadda ke kallon bayan gidan Mato, tana da ɓula daidai tsayin yarinya.

Da hantsin Alhamis Ustaz ya yi zagayen ƙarshe kafin ruwa. A bayan gidan lakar da Rayan ta gina, na uku daga masallaci, ya ga ɗan tarin tsinke an jera shi tsaf.

"Madalla, Rayan. Har karan dabbobi."

"Ustaz, ɗaga ka gani."

Ya ɗaga. Ƙarƙashin tsinken akwai ɓawon laka siriri, ƙarƙashin ɓawon rami mai kusurwa huɗu da gangarensa, a cikin ramin 'yar mota. Ja ce, ba baƙa ba, don yarinyar ta gasa ta a murhun da kakarta ke toya wainar kisra saboda kada ta fashe. Har lotsawar ƙofar direba ta yi.

Bai kai ga cewa komai ba ya ji babur ya tsaya a bakin darni. Ya saki tsinken ya koma wurinsa, ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

Su biyu ne. Ɗaya ya zauna a kan babur, bindiga a cinya. Ɗayan dogo, rawani ya rufe masa fuska sai idanu, ya shigo ba sallama, ya tambaya da Larabci ko rawdar tana da farantan sola. Ustaz ya nuna masa rufin kara, ya ce hasken rana suna samunsa kai tsaye ta ɓuloli. Mutumin bai yi dariya ba. Idonsa ya riga ya sauka ƙasa.

Ya ja rawanin ƙasa. Ba zai wuce shekara ashirin da biyar ba. Ya tsuguna, ya gyara bindigar a bayansa kada bakinta ya taɓa hasumiya.

"Mu muna yara shanu muke yi da laka," ya ce. "Nawa sun fi na kowa tozo. Wannan gidan wa?"

Yaran nan Larabcinsu ya fi Hausarsu gudu. Tsoronsu bai kai minti ɗaya ba. Mako uku suna gini babu baƙon da ya tambaye su komai, sai ga babban mutum ya tsuguna. Suka yi caa a kansa. Wannan gidan liman ne, ga tunkiyarsa. Wannan na Salih mai gyaran keke. Mutumin yana bin lungu da yatsa, gida gida, yana jinjina kai. Rayan tana tsalle, hannunta a sama, tana jiran layinta kamar yadda aka koya mata.

Ustaz ya lissafa: saura gida ɗaya.

"Lokacin ruwa!" ya ce, da wata murya da shi kansa bai san ta ba.

Jarkar lita ashirin ce, shi kuwa bayansa ya daɗe da yin ritaya. Ya sungume ta, ya wuce bakin tur'a inda ya kamata a zuba, ya yi kamar ya yi tuntuɓe, ya juye ta gaba ɗaya a kan unguwar masallaci. Shekara ashirin da shida bai taɓa nutsar da gonar kowa ba.

Yara suka fasa ihu. Katangu suka zauna, rufi ya narke, tunkiyar liman ta bi ruwa. Tsinken bayan gidan Mato ya taso ya yi gaba, ɓawon ya narke. Ɗanyar laka duk ta koma taɓo. Gasasshiya kuwa ruwa ba ya cin ta. Motar ta tsaya cikin raminta, ja, a wanke, ruwa iya tagoginta.

Mutumin yana cikin dariyar tsohon da jarka ta kayar, sai dariyar ta tsaya. Ya sa yatsu biyu ya ɗauko motar. Ya duba ramin, da gangarensa. Ya duba hasumiya, wadda ba ta faɗi ba don Ustaz ya sa an yi mata tudu kamar ta gaske. Leɓunansa suka motsa: ɗaya, biyu, uku.

"Ya haj, kai ka koya musu wannan?"

"Yara ne, ɗana. Abin da ya faɗo musu a kai suke yi. Jiya wani ya ce jirgin sama zai..."

"Ba haka ba ne!" Mujtaba ne, hawaye da majina a fuska, yana kare mutuncin makaranta. "Ustaz ba ya yarda sai abin da muka gani. Ni ma ya rushe min bene."

Mutumin ya goge motar da hannun rigarsa, ya miƙa wa Rayan.

"Hannunki yana da kyau," ya ce mata. Ya mayar da rawani, ya fita a hankali, yana kauce wa taɓo.

Ustaz ya sallami yara, ya yi gudun da rabonsa da shi tun yana da gashi, ya nufi gidan Mato. Mato yana gona. Kafin a kira shi, kafin a tara maza biyar a yi shawarar ko za a iya tono abin da aka yi kwana biyu ana binnewa, an kira azahar. Masu bindiga suka zo su shida, da mota da dogon rodi. Ba su tambayi kowa komai ba. Dogon ya tsaya a ƙofar masallaci ya ƙirga gidaje, suka ture karan, aka caka rodin sau biyu. A na uku ƙasa ta amsa da ƙarar kwano.

Mutanen hilla aka sa haƙa. Aka miƙa wa Ustaz shebur, ya shiga layi kusa da Mato. Yana jira Mato ya zage shi, ko ya tofa masa yawu, ko dai wani abu da zai rage nauyi. Mato ya yi ta haƙa. Can ya dube shi ta gefen ido.

"Ustaz, sauke hannunka ƙasa kaɗan. Haka za ka karya bayanka."

Shi ke nan abin da ya ce har la'asar. Motar ta tashi a murɗawa ta biyu, don Mato mutum ne mai kula da batir. Suka tafi da ita, karan dawa ɗaya yana reto a bayanta.

Maza suka watse ɗaya ɗaya, kowa yana kallon ƙafarsa. Ustaz ya tsaya bakin ramin da shebur ɗin, don bai san na wane ne ba. Hanaa ta fito ƙofar gida, ta dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan a ƙugu. Ta daɗe tana kallon ramin.

"Ustaz, kai ka san hanyar bakin tur'a. In an bi ta a keken jaki, awa nawa ne zuwa Kamlin?"

Ya san ta, ya san kowace gadarta. In jakin mai ƙarfi ne, kuma ba a tsayar da mutum a shinge ba, awa biyar.

"Uku," ya ce. "In an fita da wuri."