Shinkafar Coci da Motar Soja

Bu Tumirah ta ɗaure ƙunshin shinkafa na ƙarshe a ganyen ayaba, ta leƙa ta tagar madafar coci. Motar sojan tana nan a bakin titi, direban ya jingina da taya yana busa sigari. Tun hantsi yake jira.

Shekaranjiya kogi ya cinye gadar da ke bayan garin Pati. Mutanen hayi sun tare a tudun makaranta, ciki har da tsohuwarta, Mbah Karsi, mai fama da gyambon ciki. Babu abin da ke iya keta ruwan sai wannan doguwar mota. Ita kuwa shinkafar da madarar kwakwa aka dafa ta, rana na takewa za ta fara tsami.

Dattawan coci kuma suna ciki suna ta shawara ko ya dace a aika abincin a motar soja. Haka 'yan ɗarikar Mennonite suka gada: ba sa ɗaukar makami, ba sa raɓar mai ɗauke da shi, ba a kuma yanke magana sai bakin kowa ya zo ɗaya. A cikin wannan aka haifi Tumirah, tana ma alfahari da shi. Yau dai ji take kamar ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ludayi.

Ta tura ƙofa ta tsaya a gaban shugabansu.

"Pak Sutarno, shinkafa fa za ta lalace."

"Haƙuri, Bu. Saura kaɗan."

"Tun ɗazu saura kaɗan."

Pak Wiryo, tsohon malamin makaranta, ya gyara zaman gilashinsa. "Ni dai ban yarda ba. Abincin coci ya shiga ƙauye a tsakiyar bindigogi? Gobe me za mu ce wa jikokinmu?"

"Sai ka ce musu tsohuwata ta ci abinci."

"A nemo kwalekwale mana."

"Na ƙaninka? Wanda ko agwagwa ba za ta yarda ta hau ba?"

Wani ya fara dariya, ya mayar da ita tari. Sutarno ya ce a sunkuya a sake yin addu'a. Tumirah ba ta sunkuya ba. Ta fice, ta nufi direban.

"Mas, ɗan'uwa, ka ƙara haƙuri. Maganar bindigoginku ce ta tsayar da su."

"Wace bindiga, Bu? Wa zai je ambaliya da bindiga? Kifi za mu harba?"

Ya ɗaga tamfol. Igiya ce da shebur da tsofaffin tayoyi. Tun safe ake musu, ba a sami wanda ya tako ya tambaya ba, har da ita kanta.

Da ta kai labari, dattawan suka fito a jere. Wiryo da kansa ya hau bayan motar, ya duba har ƙarƙashin benci, sannan ya sauko yana kakkaɓe wando.

"To, na yarda," in ji shi.

Suka shiga musabaha, fuska a sake, suna gode wa Allah da ba a rabu baran-baran ba. Rana ta riga ta karkata.

Tumirah ta zaro ƙunshi ɗaya daga kwando ta kwance. Tun kafin ta kai hanci warin ya iso. Shinkafar ta yi yauƙi, ta manne wa ganyen. Ta dubi hayin ruwan inda rufin makarantar yake. Sannan ta miƙa wa Pak Wiryo ƙunshin da hannu biyu, cikin ladabi.

"Ci, Pak," ta ce. "Babu bindiga a ciki."