Kofi Ɗaya Daga Sama

Maigidana mai aski ne. Da ya rasu, abu biyu kawai ya bari a ɗakinmu da ido zai tsaya a kai: keken ɗinkin da nake aiki da shi, da kwalbar da yake tara canji. Kujerar shago da madubi da injinan aski duk asibiti ta cinye su tun yana da rai. Allah bai ba mu haihuwa ba.

Kwalbar babba ce, ta kai mini gwiwa, mai kauri, ruwan ƙasa, ba a ganin cikinta. A wajen wani mai kemis ya samo ta shekarar da muka yi aure. Ya tsaga murfin da wuƙa, ya liƙe shi da gam, ya tura ta bayan ƙofa. Kullum ya dawo daga shago sai ya juye aljihu a tafin hannu, ya hure gashin mutane da ya manne wa kwabban, ya zura su ɗaya bayan ɗaya. Ni ina kan keke ina jin ƙararsu. Da fari daga can ƙasa take fitowa, kamar an jefa dutse a rijiya. Da shekaru suka tura sai ta matso kusa.

Doka ɗaya ya kafa, ba za a buɗe ba sai ta cika. Yana cewa hannu in ya san hanya ba ya mantawa. Shekarar da aka canza kuɗi, aka ce kowa ya kai tsofaffin kwabbansa a musanya masa, kwalbar ta riga ta wuce rabi. Na roƙe shi har bakina ya gaji. Ya ce, "Ke dai yi ɗinkinki, Tela. Ƙarfe ba ya ruɓewa." Wa'adi ya zo ya wuce yana zaune a kan maganarsa. Bayan nan wasu samari suka buɗe shagon aski mai talabijin a tsallaken titi, mutanensa suka watse, abin da yake zurawa ya koma ƙananan kwabbai waɗanda ko ashana ba sa saye. Sai can daf da ciwonsa ne manya suka fara shiga. Ban taɓa leƙa cikin kwalbar nan ba, amma kunnena ya san abin da ke ciki.

A gaban danginsa kuwa magana daban ce. Duk wanda ya zo sai ya ja shi bayan ƙofa, ya bugi kafaɗar kwalbar ya ce, "Filina yana cikin nan. Ɗaga ka ji." Su yi ta nishi suna dariya. Ko da ciwo ya kwantar da shi bai yarda an taɓa ta ba. Har yau ban yafe masa wannan ba, Allah dai ya yafe masa.

Da masu gaisuwa suka janye, sai ga wansa, wanda duk muke kira Yaya, da ƙaninsu Auta, da Inna mahaifiyarsu. Yaya hatsi yake aunawa a kasuwa, komai da awo yake ganinsa. Inna ta zauna a bakin gado, su biyun suka mirgino kwalbar tsakiyar ɗaki.

Yaya ya ce, "Tela, ba mu zo cutar ki ba. Abu biyu ya bari. Za mu ƙiyasta kowanne, sai a san yadda za a yi."

Na ce, "Yaya, ni keken nan da shi nake ci."

"Wa ya saya?"

"Shi."

"To, kin gani. Yana cikin kayansa."

Ya sa wuƙa ya ɓamɓare gam ɗin, sai da ya yi gumi kafin murfin ya saki. Ya ce in miƙo kofin shan ruwa. Ya zura hannu ya cika shi da kwabban sama, ya shafe bakinsa da gefen tafi kamar yadda yake yi wa gero, ya juye a tabarma. Sababbi ne, manya, suna ƙyalli. Auta ya ƙirga. Yaya ya auna tsawon kwalbar da taƙi, ya auna faɗinta, ya rufe ido ɗaya ya faɗi yawan kofin da za ta ci. Auta ya danna wayarsa, ya dube ta, ya sake dannawa, sannan ya yi fito.

Ya ce, "Yaya, wannan ai keke biyar ne har da canji."

Na ce, "Ba haka ba ne. Saman ne kawai. Bai fi yatsa huɗu ba, ƙasa duk tsofaffin kuɗi ne da ƙanana. Ku zazzage ta a nan gabana ku gani."

Auta ya ƙyalƙyale da dariya. "Inna, kin ji Tela? Tana so mu ce ba komai a ciki mu bar mata. Wannan wayon ba zai ci ba."

"Ni ba na so. Ku ɗauka. Amma ku zazzage tukuna."

Yaya ya ce, "Shekarata nawa ina awo, Tela? Ko buhu ne in na caka na ga sama na san ƙasa."

"Ai wannan ba buhu ba ne, Yaya."

Inna ta yi magana a karon farko. Ta ce ba za a baje kuɗin ɗanta a ƙasa kamar tsakuwa ba, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba. Ni kuwa ban san yadda ake musu da uwar da ta binne ɗa ba.

Yaya ya mayar da kwabban, ya rufe, ya gyara murya. Ya ce su za su ɗauki kwalbar, ni in riƙe keke da katifa da tukwane, kuma Allah shaida sun yi mini adalci. Na san yana ganin ya ci riba, ni kuma na san me ya ɗauka. Amma keken ya tsaya a hannuna, shi ne kawai abin da na damu da shi. Na sake cewa sau ɗaya a bakin ƙofa, "Na dai faɗa muku." Auta ya ce, "Mun ji, malamar lissafi." Suka ɗaure ta da igiya, suka ciccibe ta su biyu.

Kwanaki kaɗan na samu ina ɗinki cikin natsuwa. Wata maƙwabciya ta kawo yadi mai tsada, rigar 'yarta da za ta fara aiki a ofis. Na yanka, na haɗa kafaɗa, ina kan gefen dama kenan da hantsi sai na ji an banko ƙofa.

Auta ne ya fara shigowa da buhu a kafaɗa. Ya kwance bakinsa ya juye a gabana. Kwabbai baƙi ƙirin suka watsu har ƙarƙashin gado, wasu sun yi kore sun manne da juna, ga gashi da ƙura a tsakaninsu. Yaya na bayansa, Inna ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba.

Yaya ya ce, "Ina kuɗin?"

"Ga su nan a ƙasa."

"Kada ki raina mini hankali. Mun ƙiyasta a gabanki, kin ji adadin da kunnenki. Abin da muka samu mai amfani ko rabin keke bai kai ba. Ina sauran?"

Ashe tun a daren da suka tafi Auta ya je ya yi cinikin babur da wannan adadin a bakinsa, Inna kuma an yi mata alkawarin rufin kwano. Lissafin wayar ya riga ya zama kuɗi a ransu. Abin da babu shi kuwa, ai dole wani ne ya ɗauka.

Na ce, "Yaya, kai ka ɓamɓare gam ɗin da hannunka. Ka ga yadda ya bushe."

"Gam ai ko'ina ana sayarwa."

"A ina zan samo tsofaffin kuɗi buhu guda?"

Auta ya ce, "Ke kika sani. Yana kwance ba ya iya ɗaga kai, ke kaɗai ce da kwalbar a ɗaki. Kuma in ba ki buɗe ba, ta yaya kika san abin da ke ƙasa? Har yatsa huɗu kika faɗa."

Gaskiyar da na faɗa musu ita ce ta zama shaidarsu. Ta yaya zan ce da kunne na sani? Na juya wajen Inna na ce, "Inna, kin san halin ɗanki. Kin san shekarar da aka canza kuɗi bai kai ko kwabo ba."

Ta dubi kwabban, ta dubi bango. Ta ce, "Ɗana ya ce filinsa yana ciki. Ɗana ba maƙaryaci ba ne."

Shi ke nan. Ko dai mamaci ya yi ƙarya ko mai rai ta yi sata, kuma mamacin nasu ne.

Yaya ya ce ba zai kai ni gaba ba saboda darajar ƙaninsa, amma keken zai tafi a madadin abin da ya ɓata. Ya ce in riƙe waɗannan kwabban, tunda na fi kowa sanin su. Maƙwabta sun taru a tsakar gida suna leƙe. Auta ya cire bel ɗin, ya kama kan keken, Yaya ya kama ƙafafun.

Na ce, "Ku dakata. Rigar mutane ce a kai."

Allurar tana cikin yadin. Na juya wilin da hannu na ɗaga ta, na zare rigar, na gatsa zaren da haƙori. Suka fita da shi a karkace, ƙafarsa ɗaya ta goge jikin ƙofa.

Da hannu na ƙarasa rigar. Na yi iya yina, na matse ɗinkin yadda idona ya iya. Da maƙwabciyar ta zo karɓa sai ta juya ta ciki waje, ta bi gefen dama da yatsa har inda aikin keke ya tsaya nawa ya fara. Ta ce ta san abin da ya same ni, Allah ya ba ni haƙuri, amma 'yarta ba za ta shiga ofis da wannan ba. Ta biya ni rabi, ta ce in ba ta sauran yadin ta kai wa wani tela.