Zaman Makokin Saje Amos

Phoebe na juya mijinta Saje Amos a kan katifa, Modibbo tela ya tallafe masa kafaɗa, sai Sajen ya sake ɗauko zancen rijiyar nan. Shekara goma sha ɗaya katangarsu ɗaya a Fadaman Mada, amma bai taɓa faɗa ba sai a makon da ƙafafunsa suka kumbura.

Aikinsa a soja shi ne ya hau tudu da madubin hangen nesa, ya karanto wa masu igwa lambobin inda za su saki wuta. Wata safiya aka ba shi wurin da za a buɗe wa wuta, ya duba, sai ga mata huɗu a bakin rijiya suna jan guga. Ya riƙe wayar oba-oba ya ƙi karanto lambobin, ana ta ɗura masa ashar ta cikinta, har matan suka ɗauki tulunansu suka wuce. Igiya ɗaya ta muƙaminsa aka cire masa.

"Maƙwabci, ta huɗun ce ta ja min," in ji shi da ƙarfi, don igwa ta daɗe da cinye masa kunne. "Gammonta ya faɗi, ta tsaya nema."

Ranar Talata da hantsi ya cika.

Kwana biyu bayan jana'iza, ana zaune ƙarƙashin rumfa, Goodluck ɗan ƙanen marigayin ya iso daga Abuja, inda yake aiki da wani kamfanin dillancin kayan yaƙi. Ko gaisuwa bai gama ba ya zaro waya. Ya ce irin aikin Baba ai ya zama tarihi: yanzu jirgi maras matuƙi ke gani, kwamfuta ta yi lissafi, igwa ta juya baki da kanta.

"Daƙiƙa takwas kacal, Baba Modibbo. Ba mai tsayawa dogon tunani."

Masu ta'aziyya suka yi cincirindo a kansa. A fuskar wayar wasu ɗigo-ɗigo na gudu, sai ƙura ta turnuƙe. Wani ya bushe da dariya, wani ya ce a maimaita, wani ya miƙa lambarsa a tura masa.

Modibbo ya tambaya su wane ne masu gudun. Goodluck ya ɗaga kafaɗa ya ce ai na'ura ta tantance su.

Goron da ke bakin Modibbo ya koma masa kamar ƙasa. Ya tashi ya tofar a kwata, ya yi sallama cikin gidan. Phoebe na zaune ita kaɗai a gindin gwanda da faifai a cinya, tana tsince tsakuwa daga shinkafar baƙi.