Gangar da Ta Jira Yatsan Bappa

Ni na rubuta dokokin bikin da hannuna, kuma ban sassauta wa kowa ba. Ba balan-balan, ba nokawut, ba babbar ganga. Da na karanta su a taron kwamiti, shugabanmu Malam Muktar ya tambaye ni ko bikin fasahar unguwa za mu yi ko zaman makoki. Na ce ya kira shi abin da ya ga dama, amma muddin ni ce sakatare, babu abin da zai yi ƙarar fashewa a filin nan.

Dalilina mutum ɗaya ne, Bappa Hamajoɗa, ƙanin mahaifina da ya riƙe ni tun ina aji uku. Lemo da ayaba yake sayarwa a kasuwar kayan gwari ta Jimeta ranar da bam ya tashi a 2015. Ko ƙwarzane bai samu ba. Amma tun daga ranar, in taya ta fashe ko iska ta buga ƙofar kwano, sai dai a gan shi kwance ya rufe kai. Na ƙarshe a wajen wani ɗaurin aure ne. Salansar babur ta yi tari, aka zaro shi daga ƙarƙashin benci, babbar riga duk ƙasa, surukansa na kallo. Ga Bafulatanin da ko ruwa ba ya sha a gaban suruki, wannan ba ƙaramin tozarci ba ne. Ya shige gida ya kama saƙar malafa, shekara takwas bai wuce masallacin ƙofar gida ba.

Wata biyu na yi ina lallashinsa ya kawo malafunsa bikin. Bai yarda ba sai da na ɗaukar masa alkawari cewa ba zai ji abin da zai kayar da shi gaban mutane ba. Na san in ya sake faɗuwa, shi da fita sai ranar da za a ɗauke shi a makara.

Ranar Asabar filin makarantar firamare ta unguwarmu, Shagari Low Cost, ya cika maƙil. Matan Yola sun baza ƙorai suna zana su da wuƙar da suka gasa a garwashi, ƙaurin yana tashi. Yara sun samu fenti da katanga, har da rigunansu suka zane. Masunta biyu daga tafkin Njuwa na koya wa 'yan boko saƙar raga, suna dariyar yatsunsu. Ga masu lalle, ga tsofaffi a kan dara, ga wata malama tana tatsuniya da 'yar lasifika. Bappa yana ƙarƙashin darbejiya da malafunsa, ya ba wa katanga baya. Kafin azahar an sayi bakwai, har na hango shi yana murmushi.

Bayan la'asar wani keke mai ƙafa uku ya tsaya a bakin ƙofa, aka sauko da ganga. Tsawonta ya kai ƙirjina, sai da mutum biyu suka ɗauke ta. Mai ita Baba Hosea ne, dattijo mutumin Numan da ke kaɗa wa cocinsu, bayansa kuma 'yan mata ashirin sun sha ado, da kacau-kacau a ƙafa. Na waiwaya neman Malam Muktar, sai na ga ya duƙufa kan kunun gyaɗa kamar bai taɓa ganin kunu ba. Nan na gane shi ya gayyato su, kuma ko kalma ɗaya ta dokata bai isar musu ba.

Na tare Baba Hosea, na yi masa bayani da ladabi, amma raina a ɓace. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce a 2014, lokacin da mutanen Michika da Madagali suka gudo suka cika harabar cocinsu, ya kaɗa musu wannan gangar, kuma abin da ya koya shi ne ba girman ƙara ke kayar da mutum ba, zuwanta ta baya ba sallama ne. Sannan ya tambaye ni wa nake karewa. Idona ya tona ni, ya kai kan Bappa.

Ya nufi darbejiyar, masu ganga na biye, ni ina biye da su ina tafasa. Suka gaisa doguwar gaisuwa, har da tambayar shanun da Bappa bai da su. Sai Baba Hosea ya sa aka ajiye gangar daidai gabansa.

"Malam, ganga ɗin nan ba zai yi magana ba sai ka ba shi izini," in ji shi. "Ka ɗaga yatsa, na ɗaga sanda. Ka sauke, na sauke. In ba ka sauke ba mu koma gida da shi, ba faɗa."

Bappa ya daɗe yana kallon fatar gangar. Sannan ya ajiye malafar da yake saƙawa, ya ɗora tafinsa a gwiwa, ya ɗaga manuniya. Baba Hosea ya ɗaga sanda.

Haka suka tsaya. Mutanen da ke kusa suka yi shiru, shirun ya yi ta yaɗuwa har ya kai ga masu dara. Gumi na bin wuyan Bappa. Baba Hosea bai motsa ba. Can yatsan ya sauka kaɗan, sandar ta taɓa fata a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar marar lafiya. Kafaɗun Bappa suka zabura. Bai faɗi ba.

Ya sake ɗagawa, ya sake saukewa, wannan karon da ɗan ƙarfi, gangar ta amsa daidai gwargwado. Sannu a hankali bugun ya zama kiɗa, wani kiɗa mai nauyi da jinkiri wanda ba na Numan ba ne, ba kuma wanda 'yan matan suka koya ba. Suka dubi juna, sai ta gabansu ta gyara taku ta bi shi, sauran suka bi ta. Matan Yola suka kife ƙoransu suna bugawa da zobe. Masuntan suka bar raga. Abin da ya sa tsigar jikina ta tashi shi ne babu mai kallon ganga. Mutum sama da ɗari uku, yaro da babba, idonsu na kan yatsa ɗaya. Da Bappa ya tsaya share gumi, komai ya tsaya, har na ga wata tsohuwa da ƙafarta a sama tana jira. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Sai Bappa ya miƙe tsaye. Ya naɗe hannun riga, ya ɗaga hannun gaba ɗaya sama da kansa. Baba Hosea ya ɗauki sanda ta biyu, ya ɗaga duka. Na buɗe baki in ce kar a yi, amma hannun ya riga ya sauko.

Ƙarar ta daki ƙasa ta shigo mini ta tafin ƙafa. Tsuntsayen darbejiya suka watse. Da na dawo hayyacina, sai na tsinci kaina a durƙushe bayan teburin malafu, na toshe kunnuwa da hannu biyu, gyalena a ƙasa. Bappa yana tsaye a inda yake, ƙirjinsa na hawa da sauka. Ya sunkuyo ya dube ni.

"Tashi, Naziha. Ki kalli hannuna."

Ya sake ɗaga shi, filin duka ya riƙe numfashi, kuma bai sauke ba sai da na miƙe na dube shi.