Sittin Da Ba Ta Cika Ba

Malam Nasidi tela ne a Kwarbai, kuma ya yarda da awo. Da 'yarsa Su'ad ta ce makarantar koyon jinya ba ta ɗauke ta ba, sai ya zaunar da ita suka sake haɗa makinta. Sittin ake nema, sittin ta samu cif. Ga shi baɗi shekarunta za su wuce na shiga.

Washegari ya rufe shago ya tafi makarantar. Aka yi ta tura shi ofis-ofis har ya dangana da Haisam, mai kula da kwamfutoci.

Haisam ya buɗe rumbun bayanan ɗalibai, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo masa da allon.

"Baba, duba. Hamsin da tara, ɗigo tara, tara, tara, har ƙarshen layi."

"Wa ya rage mata?"

"Ba kowa. Ƙwaƙwalwar na'ura ba ta iya riƙe kashi ɗaya cikin goma daidai, sai ta ɗan gutsure, abin da bai kai bakin allurarka ba. Tsohuwar na'urar da muka yi aiki da ita har bara takan riƙe lamba da tsawo kafin ta yanke, sai ya fito sittin. Sabuwar da wuri take yankewa."

"Wato da bara ne da Su'ad ta shiga."

"Da ta shiga."

"To gyara mana, ɗana."

Haisam ya sunkuyar da kai. "Zan gyara saboda 'yan baɗi. Na bana an rufe. Gurbin an bai wa wata yarinya, har ta fara karatu. In na kai magana sama, ita za a kora."

Malam Nasidi bai ce a kore ta ba, bai kuma ce a bar ta ba.

A ƙafa ya komo gida. Da cin hanci aka karɓa, da ya san wanda zai bari da Allah. Da kuskuren mutum ne, da ya yi ƙoƙarin yafewa. Amma ranar hisabi wa zai riƙe? Ƙarfe?

A zaure ya tarar da Su'ad, kusa da keken ɗinkinsa, inda farin yadin kayan jinya da ya riga ya yanka mata yake ninke. Ya gaya mata abin da Haisam ya nuna masa.

"Baba, wa ya yi mini haka?"

Ya nemi suna ya rasa. Ya ɗauki yadin ya jujjuya. Daidai jikinta ya yanka shi, bai bar ko rara ba.